Tayar babur: tsakanin kama ƙasa da ƙarko

Duk mai babur da ya tashi sauya taya, abu biyu yake nema a wurinta: ta kama ƙasa kada ta kayar da shi, kuma ta yi ƙarko kada ta mayar da shi kasuwa da wuri. Mai sayarwa ba ya rasa amsa, zai ɗauko ɗaya ya ce wannan ta haɗa duka. Amma buƙatun nan biyu kishiyoyin juna ne tun daga cikin robar kanta, kuma kowace taya sulhu ce aka ƙulla a tsakaninsu. Wata ta karkata nan, wata ta karkata can. Wanda ya gane dalilin haka, zai san abin da ake saye da kuɗi, da abin da ake samu ta wurin kula.

A fara da aikin da aka ɗora mata. Mota na tsaye kan ƙafa huɗu, idan ɗaya ta zame sauran ukun na iya rufa asiri. Babur biyu gare shi, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, a ƙananan babura ma bai kai ba. Ta wannan ɗan wuri ƙarfin inji ke sauka ƙasa, ta nan birki ke tsayar da babur da mai shi da kayansa, ta nan ake shan kwana. Ga shi kuma babur ba ya juyawa a miƙe, sai ya kwanta gefe. Shi ya sa aka yi tayarsa da doro, ba shimfiɗaɗɗiya irin ta mota ba. Tsakiyarta ke aiki a miƙaƙƙiyar hanya, kafaɗunta su karɓi aiki a kwana.

To yaya roba ke kama ƙasa? Kwaltar da ido ke gani sumul cike take da ƙananan tsakuwa da ramuka. Idan nauyi ya danna roba a kanta, robar kan lotsa ta shiga tsakanin tsakuwan ta rungume su, kuma ba ta komawa yadda take nan take, tana ɗan jinkiri. Jinkirin nan ne ke hana ta zamewa. Akwai kuma wani ɗan mannewa da ke faruwa tsakanin fatar roba da busasshiyar kwalta, wanda ruwa ko ƙura ko mai ke kashewa da zarar sun shiga tsakani. Roba mai laushi ta fi iya duka biyun. Sai dai duk lokacin da ta rungumi tsakuwa aka fizge ta, sai ta bar wani abu nata a can. Kamar robar goge rubutun fensir take: mai laushin ce ke kama takarda ta goge tas, ita ce kuma ke zubar da gari ta ƙare da wuri, mai taurin za ta shekara a jaka, amma sulɓi kawai take yi a kan takarda. Cinyewar taya, ashe, kuɗin riƙo ne ake biya da roba.

Zafi ma na da hannu a ciki, kuma a nan mutane da yawa ke rikicewa. Kowane haɗin roba na da awon zafin da ya fi aiki a cikinsa. In bai kai ba roba na tauri, in ya wuce tana yin lugub ta riƙa zubewa. Tayoyin gasar tseren babura ta MotoGP ba su da zane ko kaɗan idan hanya a bushe take, ana naɗe su cikin bargon lantarki kafin a fita don su ɗau zafi, kuma tsere guda na kilomita ɗari da 'yan kai ya isa a ajiye su. Ɗauki irin wannan roba ka sa ta a babur na zuwa aiki. Kowace tsayawa a cunkoso sanyi take ƙara yi, ba za ta taɓa kai zafin da aka yi ta dominsa ba, kuma da sanyin safiya tayar yau da kullum ta fi ta riƙo nesa ba kusa ba. Mai yin haka ya yi asara biyu, bai sami riƙon ba, bai sami ƙarkon ba.

Masu haɗa roba sun daɗe suna neman rage wannan tazara. A 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta takan daina narkewa da zafi da daskarewa da sanyi. A 1887 John Boyd Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a Belfast, ya yi rajistarta a 1888. Daga baya aka shigo da baƙin garin kabon, wanda ya ba taya launinta, ya kuma ƙara mata juriya matuƙa. Kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar tayar radiyal, wadda zaren cikinta ke tafiya kai tsaye daga gefe zuwa gefe, a 1946, sannan a farkon shekarun 1990 ya fito da haɗin silika, wani farin gari dangin yashi, a tayoyin mota, dabarar da ta gangaro zuwa babura. Silika ta taimaka ƙwarai wajen riƙo a jiƙaƙƙiyar hanya da lokacin sanyi ba tare da an sadaukar da ƙarko da yawa ba. Dabarar da ta fi dacewa da babur kuwa ita ce taya mai roba iri biyu: mai ɗan tauri a tsakiya inda ake cin doguwar hanya, mai laushi a kafaɗu inda ake kwanciya. Ga mai tafiya mai nisa a kwalta, wannan ci gaba ne na gaske. Amma rage tazarar aka yi, ba a share ta ba. Tsakiyar nan mai tauri ita ce dai ke ƙasa lokacin da aka damƙe birki a miƙe. Kuma akasarin tayoyin ƙananan babura har yanzu roba iri ɗaya ce daga gefe zuwa gefe.

Sai batun zane. An saba ɗauka cewa yawan zane da zurfinsa shi ne riƙo. A busasshiyar kwalta ba haka ba ne, roba ce ke riƙo, kuma duk ramin da aka yanka a taya wuri ne da roba ba ta taɓa ƙasa. Aikin zane shi ne ba ruwa hanyar fita daga ƙarƙashin taya, domin idan ruwa ya rasa mafita sai ya ɗaga tayar ta hau kansa, a lokacin kuwa birki da juya kai duk sun zama banza. A kan ƙasa mai laushi, laka ko rairayi, lissafin ya juye. Can babu tsakuwar da za a runguma, sai taya ta kafa haƙora ta tona, shi ya sa ake yin tayoyin daji da manyan haƙora masu tazara. Hau da su kan kwalta ka ji yadda suke ƙugi, suna lanƙwasa a kwana, suna cinyewa kamar ana fere su. Akwai na rabi da rabi, waɗanda ba su gwanance a ko'ina ba amma suna kai mutum ko'ina.

Don haka tambayar farko kafin sayen taya ba ta shafi kamfani ba. Ina nake hawa a zahiri? Ba inda mutum ke sha'awar ganin kansa ba, inda yake bi kullum. Yawancin masu manyan babura ba sa kusantar iyakar riƙon tayar doguwar tafiya ta zamani, wadda kan ninka tayar gudu tsawon rai, kuma sau da yawa ta fi ta natsuwa a cikin ruwa. Sayen ta gudu don ado almubazzaranci ne. A ɗaya ɓangaren kuma, kuma wannan ya fi damuna, akwai tayar da ake yabo da cewa ba ta cinyewa. Wannan yabo abin tsoro ne. Idan roba ta ƙi barin komai nata a kan kwalta, to ba ta rungumi kwaltar ba tun farko. Irin wannan taya za ta yi ta kai mutum lafiya a busasshiyar hanya har ya amince da ita, sai ranar da aka yi yayyafin farko bayan dogon rani, lokacin da ƙura da man da suka taru a hanya suka taso sama, sannan ta nuna halinta.

Idan dole ne a yi tsimi, a san a wace ƙafa za a yi shi. Tayar baya ce ke tura babur, ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin goyo da kaya, don haka takan cinye kusan sau biyu kafin ta gaba ta cinye sau ɗaya. A can neman ƙarko na da ma'ana. Ta gaba kuwa ita ke juya babur, kuma idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, har akan ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga can yake fitowa. Baya in ta zame, gwani kan iya saita ta. Gaba in ta zame, kafin mutum ya ankara yana ƙasa. Ba a rowa a gaba. Abin takaici, ita aka fi mantawa da ita, don zanenta na daɗewa yana nan, alhali ta tsufa ta yi tauri, ko ta yi tudu da kwari a gefe saboda birki, wanda kan sa kan babur rawa. Kamfanoni na tsara gaba da baya a matsayin ma'aurata, doron ɗaya ya dace da na ɗayar, saboda haka iri ɗaya daga gida ɗaya shi ne mafi aminci. Haɗa radiyal da mai saƙar gicciye kuwa ba a yin sa sai in masu ƙera babur ɗin ne da kansu suka tsara haka, domin yadda jikinsu ke lanƙwasa ya bambanta.

To in ba a wurin taurin roba ba, ina ake neman ƙarko? Mafi yawansa a wurin iska yake. Taya ba ita ke ɗaukar nauyi ba, iskar da ke ciki ce. Idan iskar ta yi ƙasa, jikin taya kan yi ta lanƙwasa da miƙewa a kowane juyi, lanƙwasar ta haifi zafi, zafin ya ci roba ya raunana zaren ciki, har wata rana ta fashe ana cikin gudu. Kafin a kai ga haka ma babur zai yi nauyin kai, ya ƙara shan mai, kuma a mai tif, rami ɗaya ya isa rim ya ciji tif ɗin. Idan kuma iskar ta yi yawa, wurin taɓa ƙasa ya tsuke, riƙo ya ragu, tsakiya ta suɗe da wuri, babur ya riƙa tsalle a kan gargada. Adadin da ya dace yana cikin littafin babur, ko a ɗan tambarin da ake liƙawa kusa da sarƙa. Wanda aka rubuta a jikin taya iyaka ce ta sama, ba shawara ba ce, kuma mutane da dama na ruɗuwa da shi. Yawancin manyan baburan kwalta kan nemi kimanin psi 36 a gaba da 42 a baya (psi shi ne ma'aunin iskar da geji ke nunawa), ƙanana kuma ƙasa da haka, sau da yawa da adadi biyu a baya: na mutum ɗaya, da na goyo.

Ana auna iska ne taya na da sanyi, kafin a fita. Bayan tafiya geji zai nuna ƙari don iskar ta ɗumama, kuma wanda ya rage ta a lokacin zai wayi gari da taya a kwance. Matsawa da yatsa ko bugu da ƙafa ba awo ba ne, taya kan rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gani ba. Ko babu ƙusa iska na sulalewa a hankali ta cikin roba, musamman a mai tif. Sau ɗaya a mako, da geji mai gaskiya. Ban san wani aiki na minti biyu da ke ƙara wa taya kwana kamar wannan ba.

Sauran ƙarkon a hannun dama yake. Fizgar totur daga tsaye, damƙar birki a ƙurarren lokaci, gudu mai yawa da lodi a kan kwalta mai zafi, kowanne yankan roba yake. Mutum biyu za su sayi taya iri ɗaya rana ɗaya, ɗaya ya sauya tasa ɗayan bai kai rabi ba. Lafiyar babur ma na shiga ciki. Idan aka ja sarƙa ba a daidaita gefe biyu ba, tayar baya na tafiya a karkace tana goga. Boris da ya mutu ko shokozoba da ta saki kan sa taya cinyewa tudu da kwari, kuma sabuwa ma haka za ta yi in ba a gyara su ba.

Rubutun da ke gefen taya ya cancanci a iya karanta shi, don shi ne shaidar da ba ta bakin mai sayarwa ba. Misali 120/70 ZR17 58W: faɗinta milimita 120, tsayin gefenta kashi 70 cikin 100 na faɗin, R na nufin radiyal, 17 girman rim ne da inci. Lamba 58 na nuna nauyin da za ta iya ɗauka, kilo 236, W kuma gudun da za ta jure, kilomita 270 a awa. Ƙananan babura sun fi amfani da tsohon tsarin inci, kamar 3.00-18 47P: faɗi inci 3, rim inci 18, nauyi kilo 175, gudu kilomita 150. Wannan girma yana da mai ƙarin ƙarfi, 52P, mai ɗaukar kilo 200. Ga wanda sana'arsa ɗaukar mutane ko kaya ce, kilo 25 ɗin nan ya fi sunan kamfani muhimmanci. Ana iya sayen taya mai lamba sama da wadda littafi ya ce, ba a sauka ƙasa da ita.

Girma kuwa a bar shi yadda masu babur suka tsara. Sha'awar sa faffaɗar taya a baya ta zama ruwan dare, da tunanin faɗi shi ne riƙo. Idan aka cusa faffaɗar taya a siririn rim, rim ɗin na matse ta, doronta ya yi tsini, wurin taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, wani lokacin ma ta riƙa gogar sarƙa.

Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. Su ne ranar haihuwar taya, tsarin da ake bi tun shekarar 2000: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 3522, an yi ta a mako na 35 na 2022. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da iska na busar da man da ke cikinta, ta yi tauri, ƙananan tsagu su fito a gefe da cikin zane. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara da zarar ta kai shekara 5 ana amfani da ita, a kuma ajiye ta idan ta kai 10 daga ranar da aka yi ta, komai kyan zanenta. Wannan ne ma babbar matsalar tayar da aka yi amfani da ita aka sake sayarwa. Zanenta ana gani, amma ba a ganin ramukan da ta faɗa, ko tsawon tafiyar da ta yi babu iska.

Yaushe ake sauyawa? A cikin ramukan zane akwai 'yan tudu da aka ɓoye, galibi da alamar TWI ko ɗan kusurwa uku a gefe mai nuna inda suke. Idan fuskar taya ta cinye ta yi daidai da su, aikinta ya ƙare. Dokoki sun bambanta: a Birtaniya mafi ƙarancin zurfin zane ga babur da ya wuce cc 50 milimita 1 ne, a Jamus 1.6. Ni da ta Jamus nake, musamman ga mai hawa cikin ruwa, don tun kafin a kai ga tudun nan zane ya daina kwashe ruwa yadda ya kamata. Ƙarshen rayuwar taya kuma shi ne lokacin da ta fi yawan faci, tunda robar da ke tare ƙusa ta zama siririya. Waɗannan 'yan makonnin da ake ja don a ci moriyar kuɗi su ne mafi tsada. Wani lokaci kuma zane na nan amma siffa ta tafi. Mai yawan bin miƙaƙƙiyar hanya zai ga tsakiyar tayarsa ta baje, an sami gaɓa tsakaninta da kafaɗa. Babur sai ya riƙa ƙin kwanciya, in ya haye gaɓar kuma ya faɗa kwana farat ɗaya. Da yake a hankali abin ke zuwa, hannu na sabawa, sai an sa sabuwa mutum ya gane da abin da yake ta kokawa. Kumburi a gefe, ko yanka da ya nuna zare, ba a jira da su ko kwana ɗaya.

Faci na da iyaka. A taya maras tif, ƙaramin huji a tsakiyar fuska ana iya gyara shi, kuma gyara na ƙwarai shi ne a cire taya a duba cikinta a toshe daga ciki. Igiyar da ake turawa daga waje ta kai mutum gida ce. Huji a kafaɗa ko a gefe ba ya gyaruwa, don wurin ba ya daina lanƙwasa. Fifikon maras tif shi ne idan ƙusa ta shiga, roba na matse ta iska ta fita a hankali, alhali tif kan sace gaba ɗaya cikin daƙiƙu. Sai dai yawancin rim masu wayoyi ba sa riƙe iska, dole sai da tif.

Ranar sa sabuwa, kada a tafi a bar mai faci shi kaɗai. A duba kibiyar da ke gefen taya ta fuskanci inda ƙafa ke juyawa, domin an tsara zane da haɗin roba ne bisa ƙarfin da kowace ƙafa ke fuskanta, na birki a gaba, na turawa a baya. Sabuwar taya da sabon tif take tafiya, tsohon ya riga ya buɗe, zai naɗe a ciki ya tsage. A maras tif a sauya bawul. A duba ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim. Da ruwan sabulu ake zura taya, ba da man inji ba, don mai na cin roba, yana kuma sa taya juyawa a kan rim ta fizge bawul. Ɗigon fenti da ke gefen wasu tayoyi a daidaita shi da bawul, sannan a bi siririn layin da ke zagaye bakin taya a tabbatar tazararsa da rim ɗaya ce ko'ina. Babur mai gudu kuma sai an daidaita nauyin ƙafar, in ba haka ba zai riƙa karkarwa.

Sabuwar taya ba ta kai cikakken riƙonta ba ranar da aka sa ta. Fuskarta sumul take, sai kwalta ta ɗan karce ta, shi ma mai hawa sai ya saba da sabon doron. Kamfanoni irin su Dunlop kan ce a bi a hankali na kimanin kilomita 160, ba fizga, ba birkin gaggawa, a kuma sake auna iska bayan tafiyar farko idan taya ta huce. Wanda ya yi kilomita 160 ɗinsa duk a miƙaƙƙiyar hanya kuwa, tsakiya kawai ya karce. Kafaɗun na nan sababbi fil, don haka kwanciya a kwana sai a riƙa ƙara ta kaɗan-kaɗan har karcewar ta kai baki.